Kwaɗon da Inna ta sa wa kekena

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko keken na sayar shi ya sa hotuna suka ɗauke, ban sayar ba. Ƙafafuna ne suka tafi ba sallama.

Kun tuna tafiyar da na yi bayan damina, daga Matameye ta gonakin raken Dungu har tafkunan gabas da Damagaram. Gero ya nuna, ruwa ya cika ya bar ƴan tsibirai kore shar. Ni da rawar kai na jingine keke, na ɗora waya a ka, na ratsa ruwa iya ƙirji don in ɗauko muku hoto.

Bayan ƴan makonni baya ya fara ciwo, na ce gajiya ce. Wata safiya na yunƙura zan yi alwala, ƙafafu suka ƙi. Fitsari ma ya ƙi fita.

Inna, mahaifiyata, ta ce mutanen ruwa na taka, kuma keken ne ya kai ni. Ta sa masa sarƙa da kwaɗo, ta ƙulle makullin a haɓar zane. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, shiru.

Daga likitar Matameye aka tura mu Damagaram. Aka sa mini robar fitsari, aka rataya seron na ƙarin ruwa, kullum analiz na jini da fitsari, har sai da tumakin Inna suka tafi kasuwa. Ni da nake wuni bisa hanya, juyi ma sai an juya ni. Wallahi na ji tsoro, na yi kuka ba sau ɗaya ba.

Wani lokotoro, cikin likitocin da ke duba ni, ya tambaye ni, "Ka shiga ruwan tafki kwanan nan?"

Inna ta riga ni. "To ka ji. Ai na faɗa."

Ya ce, "Hajiya, kin yi gaskiya, ruwan ne. Amma ba aljani ba ne, tsargiya ce."

Na ce tsargiya ai fitsarin jini ne na yara. Ya ce wani lokaci ƙwan tsutsar kan hau lakar baya. Na ce zan sake takawa? Ya ce ga magani, amma ba zai yi mini alkawari ba.

Aka sallame mu. Daga shimfiɗata ina hango keken a tsakar gida, tayoyi sun sace. Ni a kwance, shi a ɗaure, wata da watanni muna kallon juna.

Sai babban yatsa ya motsa. Sai bin bango, sai sanda. Ma'aikacin likita mai yi mini gashin ƙafa ya ce abin da ya rage keke ne zai ƙarasa. Inna ta ce ba da ita ba.

Juma'ar da ta wuce na tafi masallaci da ƙafata na dawo. Na tarar an ba tayoyin iska. Inna ta kwance haɓar zane, ta miƙo mini makullin.

Ta ce, "Iyakarka bakin kasuwa."

Na kai, na dawo, jiki duk ya jiƙe da gumi. Alhamdulillahi.

Na gode wa likitoci, da duk wanda ya yi addu'a, Allah ya saka da alheri. Wanda ya shiga tafki, in baya ya yi ciwo ko ƙafa ta yi nauyi, ya je likita da wuri, ya faɗa musu ya shiga ruwa.

Sauran shawarar ta Inna ce. Ta ce in na sake ganin ruwa a hanya, in ba a buta yake ba, in wuce.