Dutsen da Hajiya Kulu ta aike ni

Daga Ƙofar Kware

Ana kiran assalatu munka bar gida, ni da maiɗakina Hajiya Kulu, wadda ciwon ƙoda ya ci har zobe na zamewa daga yatsanta. Likitoci sun ce sai Indiya. Ni Alu mahauci, da karatuna bai wuce yaƙi da jahilci ba, ni anka ɗora wa rakiya. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙa.

Bayan Talata Mafara wani soja ya leƙo a shinge ya ce, "Baba, sai ina?" Na ce Indiya. Ya dubi ƙofar motarmu da anka ɗaure da igiya, ya ce, "A wannan?" Hajiya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Munka kwana Kano, jirgi ya ɗauke mu zuwa Habasha, wani ya ƙarasa da mu.

Asibiti

Sallata ta farko a ƙasar, na nemi inda rana ke fitowa na shimfiɗa darduma na kabbarta. Sai da na sallame Hajiya ta ce daga kan gado, "Malam, Makka na bayanka. Mun wuce ta cikin jirgi kana minshari." Ashe can yamma ake fuskanta.

Masaukina ɗan ɗaki ne bayan asibiti. Abinci shinkafa da miyar wake mai yaji, ba ko ƙashi. Ni da a mahauta sai an roƙe ni in yi shiru, sai in wuni ban yi magana da kowa ba in Hajiya na barci.

Ta tagar ɗakinta ana hango wani dutse mai tsawo, da farin gini a kansa, mutane na hawa kamar tururuwa. Kullum shi take kallo. Ran da za a shiga da ita aiki ta ce, "Kak ka zamna nan kana cika ma mutane kunne. Hau ka gano min abin da suka biɗa can bisa. In na tashi ka ba ni labari, amma ban da ƙarin gishiri."

"Ni da ƙarya, Hajiya?"

"Kai hwa."

Kan dutsen

Mai keken da ya kai ni wani tsohon Ba'indiye ne da ya daɗe yana aiki a masaƙa a Kano. Hausa a bakinsa radau, sai na sa masa Ɗan Kano. Da na ce "mi kac ce?" ya ƙyalƙyale, "Kai Basakkwace ne!" A Indiya ma ban tsira daga Kanawa ba.

A gindin dutsen kowa ke tuɓe takalmi. Munka bi matakala cikin ayari: tsofaffi da sanduna, mata da kwakwa da furanni a kan tire, wasu sun aske kai ƙwal. Ɗan Kano ya ce waɗannan mara lafiyarsu ne ya warke, sun zo cika alkawari. Birai kuwa sun tare hanya, sun fi 'yan shinge naci.

Da munka tsaya hutu ya ba ni asalin wurin. Wai a da can wani makiyayi na da saniya, kullum ta dawo gida da yamma hantsarta ba nono. Ya doki yaransa, ya zargi maƙwabta. Ran nan ya bi ta a ɓoye, sai ya ga ta hau dutsen nan ita kaɗai, ta tsaya kan wani baƙin dutse, nono na zuba da kansa. Nan anka gina ɗakin bautarsu, har yau madara suke zuba wa dutsen. Na ce a Sakkwato saniyar da ta yi haka hannuna za ta ƙare. Ya toshe min baki. "Alhaji, don Allah kar ka faɗi sana'arka a nan."

Can sama ban shiga ɗakin ba, addinina bai ba ni ba, su ma ba wanda ya matsa min. Amma a farfajiya ga wata farar saniya da furanni a wuya, rabona da ganin mai kyanta tun ana kawo shanu daga Nijar a ƙafa. Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Na matsa tozo, na shafa haƙarƙari, na danna gindin wutsiya, ina lissafin kitse a bakina. Da na ɗago, mutane sun kewaye ni, sun haɗa tafuka. Wai baƙo ya zo daga nesa yana girmama saniya, wadda sunka ɗauka uwa. Wata tsohuwa har da hawaye, ta rataya min furanni. Ɗan Kano ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na waiwaya in ce Hajiya kin gani, sai na tuna. Na koma gefe na zauna kan wani falalen dutse. Ga garin nan shimfiɗe a ƙasa, na yi ta neman tagarta cikin tagogin asibitin, ban gane ta ba. Na juya yamma na roƙi Allah abin da ya kawo ni. Na sauko ina jera labarin a raina, inda zan fara, inda za ta ce ƙarya nake.

Saukowa

Na tarar an fito da ita, amma ba ta farka ba. Na ja kujera na ba ta labarin duka, har da furannin, ban ƙara gishiri ba. Na tsaya daidai wurin saniyar ina jiran dariya, na'ura ce kawai ke ƙara. Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Ɗan Kano ne ya nemo min limamin wani masallaci. Mutanen da ban san sunan ko ɗaya ba sunka yi mata sutura, sunka sallace ta, Ɗan Kano kuma yana tsaye bakin maƙabarta riƙe da takalmana. Anka kwantar da ita tana fuskantar yamma.

Gida

Na dawo ta hanyar da munka bi, da akwatinta a hannuna. A shingen Mafara ba wanda ya tambaye ni komai. Na iso Ƙofar Kware da la'asar sakaliya, gida cike da 'yan gaisuwa. Na gode wa Allah, na gode wa 'yan'uwana mahauta da sunka riƙe min gida, da Ɗan Kano, Allah ya saka masa. Wannan labari na Hajiya ne, ita ta aike ni, ku aro na ba ku.

Da anka kira magariba na shiga sahu na fuskanci gabas kamar kullum. Sai na tuna Makka na gabana, bayanta kuma Hajiya ce kwance, fuskarta na kallon nan.