Cajin da na hana kowa taɓawa

A gidanmu na Gwandu har yau ana ce mini mai rowar caji. Ba na jin haushi, ina ma alfahari da sunan, don na san ranar da na samo shi.

Damina ce, shekarar da na faɗo daga babur na karye a ƙafa. Mai ɗori ya ɗaure ni da karare, ya ce ko zaure kada in taka. A lokacin kuma ɗiyata ta fari tana Kalgo da tsohon ciki, mijinta ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje. Ƙanwar matata ce ke zaune da ita. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira, ita ma ba ta cika doguwar magana da ni ba. Amma wata safiya ta bugo, ta gaishe ni da jiki, sannan ta ce, "Baba, in na sauka, kai nake so ka yi kiran salla a kunnen abin da na haifa. Ko ta waya ne."

Na ce to.

Ba a jima ba aka yi iska mai ƙarfi, ta kayar da falwayoyin lantarki, wuta ta tafi kamar ba za ta dawo ba. Akwai mai janareto a bakin kasuwa da ke yi wa mutane caji, sai dai wayoyi sun yi masa tsibi, in ka kai da safe sai la'asar. Haihuwa kuwa ba ta duba agogo. Na ce wayar nan ba za ta bar gefen tabarmata ba.

Sai na zauna na yi mata tsimi. Na kashe data, na bar hotuna da saƙonnin zumunta su jira. Na rage hasken fuskarta har sai na kare da tafin hannu nake ganin lamba. Na lura in tana ƙuryar ɗaki, inda sabis ba ya kaiwa sosai, cajin zuba yake yi, sai na sa aka ja tabarmata kusa da taga. In rana ta kawo kan tagar, in mayar da ita gindin randa, don zafi ma cin batir yake. Kashe ta gaba ɗaya ne kawai ban yarda ba.

Hajiya, matata, tata wayar tun ranar farko ta mutu wajen kallon masu girki. Ta aika da ita caji, ta ɓace cikin tsibin nan, kullum a ce gobe. Sai ta dawo kaina.

"Malam, ara mini in ji wa'azi kaɗan."

"Wa'azin da kika ji shekara talatin bai ishe ki ba?"

"Kai dai Allah ya sawwaƙe maka rowa. Ko jinjiri ba a lallaɓa shi haka."

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai masu bugowa gaishe ni da ƙafa. Mutumin Gwandu in ya fara gaisuwa, sai ya tambayi gida, da iyali, da ruwa, da gero, da gajiyar shekaranjiya, sannan ya sake daga farko. Ni da bakina nake katse dattawa: "Lafiya lau, na gode, caji gare ni kaɗan, sai an kwana biyu." Yayana ya bugo daga Maruda, ban bari ya kai ga tambayar gona ba na sallame shi. Ya yi fushi, ya aiko a gaya mini tun da na yi waya mai shafawa na daina ganin mutane. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, amma ban kira shi na ba da haƙuri ba, don haƙurin ma caji zai ci.

Ranar da kiran ya zo, bayan azahar ne, alamar batir ta riga ta yi ja, saura ɗan siririn layi kamar tsinken tsintsiya. Ƙanwar Hajiya ce. Ta fara, "Yaya, ina wuni, ya jiki..."

Na ce, "Bar gaisuwa. Ta sauka?"

"Ta sauka lafiya."

"Kai wayar kunnen dama."

Na gyara zama, ƙafar na zogi ban kula ba, na yi kiran salla a natse, ban haɗiye ko harafi ɗaya ba. Na ce ta mayar kunnen hagu, na yi iƙama. Ina jin ɗan numfashi a cikin wayar, sai kuma kuka ya tashi, mai ƙarfi. Daga nesa na ji muryar ɗiyata a gajiye tana cewa, "Baba, na gode." Fuskar wayar ta yi baƙi.

Hajiya tana tsaye bakin ƙofa, tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "To, namiji ne ko mace?"

Sai a lokacin na tuna ban tambaya ba. Na ce, "Wallahi ban sani ba."

"Kwana da kwanaki kana gadin waya, ka kasa tambayar wannan?"

Na miƙa mata wayar, na ce a kai wa mai janareto, ta kwana can ma in ta so. Na ce mata ko namiji ne ko mace, an yi masa kiran salla cikakke, kuma da muryar kakansa.