Sawun Surukina a Ƙofar Caji Ofis

Ni ne birkilan da ya gina ofishin nan na Illela da aka haɗa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, a shekarun da soja suka rufe iyaka. Ba don alfahari na faɗa ba. Da za a ba ni zaɓi, da na ce wani ne ya yi.

Daga Sakkwato aka kawo zanen ginin, kuma na rantse wanda ya zana shi bai taɓa shan ruwan Illela ba. Ƙofa ɗaya tal ya yi a gaba. Kana shiga sai kantar 'yan sanda, dole ka ratsa ta gefenta kafin ka kai wurin 'yan kwana-kwana can baya. Motarsu tana da nata get ɗin, amma ta ciki ake kulle shi. A garinmu kuwa, gara a ce an ga dattijo yana rawa a kasuwa da a ce an gan shi yana shiga caji ofis. Ba mai tambayar abin da ya kai ka. Kafin la'asar labari ya tsallaka iyaka ya isa Ƙwanni, har da ƙarin gishiri.

Surukina, Alhaji, ɗan kasuwar goro ne da atamfa, kuma duk dukiyarsa ba abin da yake taƙama da shi kamar magana ɗaya. Sai ya miƙe ƙafar dama, ya ɗan buga ta, ya ce, "Shekara sittin da ɗoriya, ƙafag ga ba ta taɓa taka caji ofis ba." Da ita yake kashe kowace gardama a majalisa. Ranar da aka je nema mini auren 'yarsa ma, abin da ya fara tambayar kawuna ke nan, ko akwai wanda aka taɓa rubuta sunansa a littafin 'yan sanda a danginmu.

Ba a gama gini ba aka tare, don gidan hayar da 'yan sanda ke ciki ya tsage da damina. Ran nan da safe na zuba siminti a dokin ƙofa, na shafe shi sumul, na gitta katako don masu wucewa, sannan na hau rufi ina buga kwano. Tsanin da na hau da shi na 'yan kwana-kwana ne. Ina sama suka zo suka ɗauke abinsu wai za su wanke, ko sallama ba su yi mini ba.

Can da hantsi sai na hango Alhaji a guje, babbar riga a kafaɗa, ba takalmi, bayansa hayaƙi ya miƙe daga unguwarsu. Yana isowa bakin titi ya ja birki, kamar jaki ya ga rami. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da na fara yi shi ne kwanciya rub da ciki a kan kwano, don kunyar suruki ba ta san gobara ba.

Saje ne kaɗai a kanta, Bakano ne, bai cika wata uku a garin ba, mutum mai bin ƙa'ida har ta ba ka haushi. Alhaji ya yi sallama daga titi, Saje ya amsa ya ce bismillah. Alhaji ya ce nan ma ya yi. Suka gaisa tsaf, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, hayaƙi yana ta ƙara baƙi.

"Ranka shi daɗe, wuta ta kama rumbun harawata," in ji Alhaji. "A kira min mutanen ruwa."

"Subhanallahi. To Alhaji, a kanta ake ba da rahoto."

"Mi za ni yi ga kanta? Ga ni ga ka, ai kana jina."

"Ni ina ji, amma sai na rubuta, kuma ba a rubuta mutum yana kan titi."

Alhaji ya ce to ya leƙa baya ya kira su. Saje ya ce ba zai bar kanta ba, yana da ɓarawon akuya a tsare. Nan na ajiye kunya na miƙe ina ƙwala wa 'yan kwana-kwana kira, amma sun tada injin famfo suna wanki. Na shiga dukan kwano da guduma iya ƙarfina. Mako guda ke nan suna jin wannan dukan, ko kai ba su ɗaga ba.

Jama'a suka taru a tsallaken titi, kowa da shawara. Wani ya ce Alhaji ya daure ya shiga. Alhaji ya ce kai shiga mana, mutumin ya ce shi wucewa yake yi. Mutum ya fi talatin, ba wanda ya tsallako. Sai wata tsohuwa ta ce ai rumbun jikin ɗakin matan gidan yake. Na ga fuskar Alhaji ta canza. Ya runtse ido, ya yi bismillah, ya taka. Da yake idon a rufe yake, bai ga katakon ba, ƙafar dama ta nutse cikin ɗanyen simintina.

Saje ya buɗe littafi ya tambayi suna, sunan uba da unguwa. Motar kwana-kwana ta fita da jiniya, ta tarar mata sun riga sun kashe wutar da ruwan rijiya. Don kada a ce sun zo a banza, suka jiƙe sauran harawar, suka narkar da rabin katangar maƙwabci. Da tsanin suka tafi, don haka ina kan kwano ina gasuwa har la'asar. Kafin in sauko siminti ya kama.

Sawu ne kyakkyawa, wallahi, yatsu biyar cif, har da tsagar diddige. Kafin magariba an fara zuwa kallo daga nesa, ana nunawa da baki.

Washegari da sassafe na tarar da Alhaji a tsallaken titi yana jirana. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallon gefe, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, abin ga yana fita?"

Tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina. Ni ɗan garin ne, na san mutanena, amma na gina ƙofar nan ban ce uffan ba. Na ɗauko guduma da kurfi na farfashe dokin ƙofar duka, na kwaɓa sabon siminti na shafe. Yana tsaye bai motsa ba har na wanke cokalin gini na tsallaka wurinsa.

"Ya fita duka?"

"Duka, Baba."

"Har yatsu?"

"Har yatsu."

Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka, ya juya gida a hankali. Ya ƙara shekara tara a duniya, ana gardama a majalisarsa kullum, amma ban sake jin ya buga ƙafar nan ba.