Yadda Dona Ercília Ta Buɗe wa Cutarta Makaranta

Duk garin Abaetetuba babu mai dama asai, kunun 'ya'yan wata irin kwakwa, kamar Dona Ercília. Baƙin kunun nan nata, don kauri, in ka kafa cokali a ciki ka tafi coci ka dawo, yana nan tsaye yana jiranka. Ita kanta ba ta san abincin rana ba in babu ƙwarya guda, da garin rogo da soyayyen kifi.

Marigayi mijinta, matuƙin jirgin ruwa mai budurwa a kowace gaɓa, bai bar mata gadon komai ba sai ƙanjamau. Asibiti suka ba ta magani, suka ce kullum. To amma kowa a nan ya ji a bakin kakarsa cewa ba a haɗa asai da lemo, ko madara, ko giya. Ercília ta ƙara da magani. Ranar da ta sha asai, ƙwaya ta huta. Da kakar asai ta kama kuwa, sai ran Juma'a kawai take shan magani, da take azumi.

Shekara uku a haka, ta rame har iska na neman ɗaukarta.

Likita Jandira ta duba takardar gwaji ta ce, "Inna, kina shan maganin nan kuwa?"

"Ina sha mana, 'yar nan. Duk ranar da cikina ke fili."

Da ta ji tsarin, likita ta dafe kai. "Ai makaranta kika buɗe wa cutar! Kullum haihuwa take, dubbai a kan dubbai, a gaggauce, 'ya'yan ba sa fitowa iri ɗaya. In magani ya cika jini, ba ta samun sararin haihuwa. In ya tsinke, ragwayen su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Biyu cikin magungunanki yanzu ruwan sha ne a wurinsu."

"To saura nawa?"

"Sai an kai jininki birnin Belém an duba ko akwai wanda zai ci su."

Sati uku Ercília ba ta zagi kowa ba. Maƙwabta har leƙowa suke su ga ko ta tashi daga unguwar.

Sakamako ya dawo: akwai wani sabon haɗi da cutar ba ta taɓa gani ba.

"Wannan kar ki yi wasa da shi, Inna. Kullum."

"Ko da asai?"

"Da asai, da kifi, da gari, har da kakarki in ta dawo."

Wata shida bayan nan aka sake gwaji, aka nemi cutar a jininta na'ura ba ta gan ta ba. Ercília ta zube a kujera, ta share ido da gefen riga, ta daɗe tana ajiyar zuciya.

"Tana nan fa a ɓoye," in ji likita. "Kina dainawa za ta fito."

"Ta yi ta ɓuya," in ji Ercília. "Zuba mini na wata uku."