Mai Ɗaura Iyakwandishan

Daga tagar falo matar gidan take kallonsa. Dattijo ne, furfura ta cinye gemun, rigarsa sharkaf da gumi. Tun safe yana kan tsani. Ya huda bango, ya zura bututu, ya ɗaure injin waje, ga shi yanzu yana feso masa iska mai zafi a fuska. A ranta take cewa da wuya in yana da ko fanka a ɗakinsa.

Yana saukowa a hankali, kamar gwiwoyin na aro ne. Ya shigo, ya ɗaga bayan hannu saitin na'urar, ya lumshe ido.

"Baba, zauna mana ka sha sanyin."

Ya saɓa jakarsa. "A'a, 'yata. In jikin nan ya ɗanɗana, ba zai yarda ya koma kan tsani ba. Saura gida uku."