Yatsan Yaya Koshe

A ƙauyenmu da ke gindin dutse, kudu da Kadugli, idan mace ta kira gayya ba faɗin gonarta maza ke tambaya ba. Wa ya dafa marisa, giyar dawa, shi suke son ji. In aka ce Koshe ce, har mai ciwon baya sai ya lallaɓo. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni nake bi mata, kuma na daɗe ina jin haushin wannan suna nata, domin tawa giyar kowa ya san don kunya ake shanta.

Ba wani asiri a aikin. Dawa ce da ruwa da tsiro, wato dawar da aka jiƙa ta tsira. A jiƙa gari ya yi tsami a toya shi, a tuƙa wani ruwa-ruwa, a sauke ya huce, sannan a zuba garin tsiro. Duk rigimar a wurin hucewar nan take. In da sauran zafi da yawa tsiron ya mutu, tuƙin ya zauna da kaurinsa ba zaƙi. In ya huce ya wuce, tsami ya riga zaƙi shiga, a sami abin da ke yamutsa fuska. Tsakanin biyun akwai ɗan lokaci ƙanƙane, shi ne Koshe ke kamawa da ƙaramin yatsanta na dama. Takan tsoma, ta karkata kai, ta ce "saura" ko ta ce "zuba".

Tana da shekara goma sha biyu goggonmu ta fara kama mata hannu tana tsomawa. Da yatsan nan ta tara wa Tutu mijinta maza a gona, kuma bayan yaƙi ya ci shi ba ta fasa ba. 'Ya'yanta biyu sun tafi arewa neman aiki, sai dai gaisuwa a bakin matafiya. Ita kaɗai ce a gidan, da gona, da randuna huɗu.

Ciwon suga ta ƙafa ya fara mata. Ta taɓa yini da ƙaya a tafin ƙafa ba ta sani ba, har muka yi ta yi mata dariya. Da ya hau hannu ba ta gaya wa kowa ba. Giyar gayyar noma ta bana ta fito salam, aka sha aka yi godiya, aka ɗora wa ruwan rijiya laifi.

Da kaka dawarta ta nuna, tsuntsaye suka sauka, shanun makiyaya kuma suna hanya. Gonar aikin mutum ashirin ce a yini ɗaya. In ba su zo ba, ko suka zo suka watse da rana tsaka, abincinta na shekara ya tafi. Ta aiko in je in taya ta tuƙi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ke Kiki, tuƙi kike ko shafa?" ta ce da ni. "Sa ƙarfi mana, ba bayan mijinki ba ne."

"To karɓi muciyar, Yaya, tunda da ita aka haife ki."

Muka sauke tukunyar muka juye a babban akushi. Ba a jima ba ta matso ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta karkata kai yadda ta saba.

"Ya yi. Kawo tsiron."

Tururi ne ke tashi har yana rufe mata fuska. Na taɓa da kan yatsa, na fizge ba shiri.

"Yaya, cire hannunki."

Ta cire. Fatar ta riga ta fara tashi. Ta juya hannun gaba da baya tana kallo, kamar abin da ta tsinta a hanya.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Tun damina."

"Shi ne kika yi shiru?"

"In gaya wa wa? Ke?"

Maganar ta yi mini ciwo. Na tsoma mata hannun a ruwan tulu, na naɗe shi da tsumma. Ta zauna a kan turmi ta ce in riƙa sa nawa yatsan ina gaya mata abin da na ji.

"Da zafi," na ce.

"Wane irin zafi?"

"Zafi dai."

"Cizo yake ko riƙo?"

Ta gwada da gwiwar hannu, ta ɗiba ta taɓa a leɓe. Duk suna jin zafi, sai dai ba wanda ya san wanda ake nema, domin ba su aka koya wa ba. Muka zauna muna kallon akushin yana hucewa. Can na ce a zuba, ba don na sani ba, sai don dole wani ya faɗa. Ta miƙo ƙwaryar tsiron da hagu.

Ranar gayya mutum goma sha shida suka zo. Da rana ta take suka taru a gindin tsamiya, aka miƙa wa tsoho Kafi, abokin mijinta, ƙwaryar farko. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Idonsa ya sauka a kan tsumman.

"Me ya sami hannun, matar Tutu?"

"Murhu ne."

Wani daga cikin matasa ya ɗanɗana ya buɗe baki zai yi magana. Kafi ya ce, "Sha ka tashi, rana na tafiya."

Suka koma gona. Ba waƙa, ba tsokana, sai ƙarar wuƙaƙe a wuyan dawa. Mutum goma sha shida suka yi aikin ashirin, kafin rana ta faɗi sun tara zangarniya a tsakar gida. Kowa ya zo ya yi mata sannu da jiki ya wuce. Randa biyu suna nan cike, ko murfinsu ba a ɗaga ba. Tunda nake ban taɓa ganin an bar ko ƙwarya ɗaya a gidan nan ba.

"Dawa dai ta shigo, Yaya," na ce.

"Ta shigo. Da giya ke tsayar da su a gonata. Yau tausayi ne."

Na jira ta yi kuka don in samu in taya ta. Ba ta yi ba, ni ma nawa bai zo ba. Na shekara da shekaru ina son ranar da za a daina gwada giyata da tata, ga ta ta zo, ban ji komai ba.

"Ki zuba wa aladu," ta ce. "Randunan kuma ki wanke ki kai gidanki, duka huɗun."