Zuwana Kano Sayo Wa Motar Rahila Kamshaf

Jama'ar garejinmu na Kudenda, kun dame ni da tambaya, to ga labarin. Rubutun ku yi haƙuri da shi, a aji uku na rabu da boko, kuma babu wanda ya yi kewar wani.

Fita daga Nasarawa

Ana idar da asuba na fito, ɗauke da tsohon kamshaf a cikin buhu. Ga waɗanda ba na hannu ba, kamshaf shi ne ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe bawul yana rufewa a cikin inji. Na motar Rahila ne, 'yar aminina Yohanna: tsohuwar a-kori-kura ta Amurka mai silinda takwas, wadda take so a ƙara wa ƙarfi ta shiga tsere.

Iri biyu ne. Akwai flat, wanda tafet ɗinsa, wato ɗan ƙarfen da ke tura bawul, ke goga kai tsaye. Yana da araha, amma kamar jariri yake: sai baƙin mai na musamman, sai lallashi ranar tashin farko, kuma irin namu na dā sai an riƙa daidaita shi da hannu da kunne. Akwai kuma mai rola, 'yar taya ce ke birgima a kai. Ya fi tsada, ya fi ja, irin da Rahila ke so ma shi ke daidaita kansa.

Mai rola Rahila ta aike ni in sayo. Ni kuwa flat na ƙudura zan sayo, in dawo in ce an rasa. Dalilina shi ne idon Yohanna ya tafi, zuciya ma likita ya ce a yi hankali. Tun muna samari muke kwance inji tare, yanzu sai zaman gida. In aka sa flat, dole a riƙa ɗauko shi gareji yana sauraron injin, ni kuma in samu abokin faɗa.

Kawo zuwa Zariya

Keke Napep ya tsallakar da ni gada, na samu mota a Kawo saura mutum biyu. Direba ya ce in sa buhu a but, na ce ko matata ban yarda ta riƙe shi ba. Na rungume abina a baya, gwiwa a haɓa.

Mun wuce Jaji kaɗan aka tsayar da mu. Soja ya leƙo, ya ga dogon abu a buhu, fuskarsa ta canza.

"Baba, wetin be this?"

"Ranka ya daɗe, ƙashin bayan mota ne."

Ya sa na zare shi. Ya jujjuya, baƙin mai ya ɓata masa hannu, ya harare ni. Na miƙa masa gefen rigata ya goge. Har Kwangila fasinjoji suna kirana Baba Mai Bindiga, wata baiwar Allah ma ta saya mini ƙosai don in yafe dariyar da ta yi.

Kano, gidan Binta

Aikin hanya ya cinye mana wuni, sai bayan la'asar na sauka a Kurna gidan ƙanwata Hajiya Binta. Ta yi mini tuwon shinkafa miyar taushe, na ci har na manta abin da ya kawo ni. Da na kwashe dabarata na gaya mata, sai ta ajiye ludayi.

"Yaya Sule, furfura har a gira, amma ƙarya za ka yi wa marar lafiya?"

"Ba ƙarya ba ce, Hajiya, magani ne."

"To Allah Ya ba mai maganin lafiya," in ji ta.

Kasuwar Ƙofar Ruwa

Da hantsi na shiga kasuwa. Shago shida na leƙa, kowa ya ga ƙarfen sai ya ce wannan ai kakan inji ne. A ƙarshe aka kai ni wurin wani Oga Chidi, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya. Ya shimfiɗa mini duka biyun a kan kwali, kowanne da tafet ɗinsa.

"Baba, ka ɗauki rola ka huta. Man da ake sayarwa yanzu cinye flat yake yi."

Na sani sarai, amma na ce a naɗe mini flat. Ana cikin naɗewa waya ta yi ƙara. Yohanna ne.

"Sule, ka samu?"

"Wallahi mai rolar nan ya yi wuya a garin nan..."

"Rufe mini baki, tsohon banza. In za ka yi ƙarya muryarka siririya take zama, kamar bel ɗin inji ya saki."

Ina jin numfashinsa, a hankali, da ƙyar.

"Na san abin da kake nufi," ya ce. "Ni ma ina son zuwa garejin. Amma ran da babu ni, wa zai saurara mata? Kai da kunnenka ɗaya ya mutu? Yarinyar nan gudu take yi, Sule. Sayo mata wanda ba ya buƙatata."

Na ce Oga Chidi ya kwance ƙunshin, ya naɗe mini mai rola. Bai tambaye ni komai ba, ya jawo mini benci, ya aika aka sayo mini gurasa.

Komawa

Washegari a hanyar dawowa ban yi surutu ba, abin da ya sa direba ya tambaye ni sau biyu ko lafiya. A Kwanar Dangora na sayi rake saboda Yohanna, ko da yake haƙoran da za su sha shi sun riga mu gidan gaskiya.

Rana ba ta faɗi ba na isa Mahuta, unguwar su Yohanna. Na same shi a ƙofar gida kan kujerar roba, Rahila tana yanke masa farce. Ta karɓi kayan tana tsalle, "Baba Sule, kun gama mini komai!" Shi kuwa ya ce a ba shi tafet ɗaya. Ya lalubi 'yar rolar da babban yatsa, ya kai ta kunne, ya murza. Ya daɗe yana murzawa.

"Ba ta cewa komai," ya ce.

"Ai dole. Bebiya ka sa na sayo."

"Haka nake so." Ya miƙa wa 'yarsa, ya riƙe hannunta da ƙarfen gaba ɗaya. Sannan ya juyo wajen da yake zaton ina tsaye, ya kuskure ni da kusan taku guda. "Gobe ka zo da wuri ka ɗauke ni. Wannan dai da hannuna zan ɗaura shi. In na bar maka, baya motar za ta riƙa gudu."

Na matsa na tsaya daidai inda yake kallo, na ce to.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Binta da Oga Chidi. Ku kuma, na masallaci da na coci, kowa ya sa Yohanna a addu'a. Gobe in mun iso, a share masa bencinsa, kuma kada wanda ya ce zai taya shi.